Binciken injiniyoyin teku da amfaninsa ga ɗan Yawuri

Ƙanena, ka tambayi abin da injiniyoyin jiragen ruwa suke bincike a kai yanzu, da kuma ko ɗan Yawuri da bai taɓa ganin teku ba zai amfana da wannan karatu.

Babban abin da ya ɗauki hankalin masu bincike shi ne rage hayaƙin jiragen dakon kaya, domin a shekarar 2023 Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya ta tsai da shawarar kai hayaƙin matakin sifili zuwa wajajen 2050. A shekarar ce jirgin Laura Maersk ya fara aiki da metanol, wani mai da hayaƙinsa bai kai na man jirgi da aka saba ba, aka kuma kafa wa jirgin Pyxis Ocean fikafikai biyu masu tsayin mita 37 da rabi, iska na tura shi, injin na rage shan mai. Ana kuma zana taswirar ƙasan teku, wanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai aka auna sosai.

Ni dai abin da ya fi damuna yana bakin ƙofarmu. Duk wanda ya tsaya gaɓar kogi ranar kasuwa ya ga kwalekwale maƙare da buhunan shinkafa da babura da mata masu goyo, ruwa na lasar bakinsa, zai tuna da hatsarin jirgin ruwa na Warrah a jihar Kebbi a 2021, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Lissafin yadda jirgi ke komawa daidai idan ya karkata yana cikin abin da ake koya a makarantar jiragen ruwa ta Oron a jihar Akwa Ibom, kuma na'urar da ke auna zurfin teku da amon sauti za ta iya gano kututturan da ke ɓoye a tafkin Kainji.