Amsa: Wardi mai hawa bango ya ƙi yin fure

'Yar'uwa, na karanta tambayarki cewa wardinki ya yi tsawo amma babu fure, ganyen kuma yana ƙonewa da bazara.

Ina zargin kin bar rassan sun miƙe sama ne. Shi wannan wardin ba ya nannaɗe kansa, sai an ɗaure shi. Idan reshe ya tsaya tsaye, a ƙarshensa kawai yake yin fure. Ki kwantar da manyan rassan a kan waya ko katako, ki ɗaure su da tsumma ba tare da matsewa ba. Ƙananan rassa za su fito daga jikinsu, su ne masu furen. Don Allah kada ki sare manyan a shekara 2 na farko, nan mutane da yawa suke yin kuskure.

Ƙunar ganye kuwa, ranar la'asar ce. Yana son hasken safe kamar awa 6, sannan inuwa. Bangon da ke kallon gabas ya fi.

Ki ba shi ruwa sosai da sassafe a gindi, banda ganye, saboda cutar baƙin tabo da ke kama ganye da damina. Ki rufe gindin da busasshiyar ciyawa, takin shanu kuma sai wanda ya ruɓe.