Tambayoyinku: Na tsinci wani baƙin sule a bakin teku, in goge shi ne ko in bar shi?

Tun da muka taɓo zancen masu yawo da injin gano ƙarfe a bakin teku wasiƙu suka yi ta shigowa, wasu ma har da hoto, to ga guda huɗu da na zaɓa, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Aiki ne ya kai ni wani gari da ke bakin teku, abokin aikina yana da injin nan mai gano ƙarfe, duk ranar hutu muke fita da sassafe. Wata uku kenan ba abin da muke tonowa sai marafan kwalba da gwangwanaye da ƙusoshi, har na fara cewa ɓata lokaci ne, sai makon jiya bayan an kwana biyu ana iska mai ƙarfi injin ya yi wani irin ƙara, na tona kamar zurfin tafin hannu na ciro wani abu baƙi ƙirin mai ɗan nauyi, bai zagaye sosai ba gefensa kamar an datsa da almakashi, kuma in ka karkata shi a rana kana ganin alama kamar kuros a fuska ɗaya. Abokina ya ce in jiƙa shi a lemon tsami in dirje da soson ƙarfe rubutun zai fito. In yi? Kuma ya zan san ko mai tsada ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka yi, don Allah kar ka yi, ka ce wa abokin nan naka na gaishe shi amma ya ajiye sosonsa. Ni da kaina na taɓa wannan ɓarnar da wani kwabon tagulla shekarun baya, na zauna na dirje shi har ya yi ƙyalli ina ta murna, ashe rubutun da nake son gani yana jikin wannan dattin ne da na kankare, da na gama sai ga faifan ƙarfe sumul ba kai ba rubutu. Ranar na san cewa a harkar tsofaffin kuɗi a bar kaza cikin gashinta.

Baƙin da ka gani ba datti ba ne irin na tukunya. Azurfa in ta daɗe a ruwan teku sinadarin sulfa da gishiri suna cin fatarta su mayar da ita baƙa ko toka-toka, tagulla kuma ta koma kore, zinare ne kaɗai yake fitowa fes kamar jiya ya faɗi ko da ya shekara 300 a ƙasa. To wannan baƙar fatar wani ɓangare ne na sulen kansa, in ka cire ta da ƙarfi ka cire har da zanen, kuma masu sayen irin waɗannan kaya da gilashin ƙara girma suke dubawa, ƙarcen soso ɗaya suka gani farashi ya faɗi. Abin da za ka yi kawai shi ne ka samu tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ruwan fa ba asid ɗin ba, ka zuba a roba mai tsabta ka tsoma shi ciki kana canja ruwan duk bayan kwana ɗaya ko biyu na tsawon makonni, gishirin da ya shige jikinsa zai riƙa fita a hankali. Sannan ka shanya shi a kan ƙyalle mai laushi ba gogawa. Wannan jiƙon ya fi muhimmanci ma ga tagulla, don gishirin da ya maƙale a ciki yana ci gaba da cinta ko bayan ta bushe, sai ka ga wani garin kore mai haske yana fitowa kamar hoda, in ba a tare shi ba sai ya rarake kwabon.

Yanzu ga abin da kake son ji. Yadda ka kwatanta shi, ba zagayayye ba, gefe a datse, ga kuros, ya yi kama da sulallan azurfa da Sifaniya ta riƙa bugawa a ƙasashen da ta mallaka, a Birnin Meksiko da Lima ta Peru da Potosi ta Bolibiya. Yadda ake yin su ne ya sa suke a karkace, ana yanko gutsure ne daga sandar azurfa a daddatse gefe har nauyi ya yi daidai sannan a ɗora tsakanin hatimi biyu a maka masa guduma, shi ya sa da wuya ka ga biyu masu siffa ɗaya. Babban cikinsu mai riyal 8 yana da nauyin giram 27 da ɗan wani abu, mai riyal 4 rabin haka, mai 2 kusan giram 7, mai 1 giram 3 da ɗoriya, amma wanda teku ta ci zai ɗan gaza. To ka nemi ƙaramin sikeli irin na masu zinare ka auna, ka kuma kara masa mayen ƙarfe, in ya manne ka san ba azurfa ba ce. Ka duba gefen ko akwai wani siririn layi da ya zagaye shi, wannan alamar zubi ne a cikin mazubi wato jabu, kuma jabun irin waɗannan sun yi yawa don ana sayar wa 'yan yawon buɗe ido a matsayin tsaraba su ma su yar da su a rairayi. A Amurka tun 1973 doka ta tilasta a buga kalmar COPY a jikin irinsu.

Kuma ba tatsuniya ba ce ana samun na gasken. Ranar 31 ga Yulin 1715 guguwa ta rutsa da ayarin jiragen Sifaniya da suka taso daga Habana maƙare da azurfa da zinare, guda 11 suka tarwatse a gabar gabashin Fulorida, ɗaruruwan mutane suka mutu. A shekarun 1950 wani magini mai suna Kip Wagner ya riƙa tsintar baƙaƙen sulalla irin naka a rairayin wurin bayan hadari, abin da ya ja hankalinsa shi ne babu ko ɗaya da shekararsa ta wuce 1715, ruwa ai ba ya tsami banza, ya sayi tsohon injin gano nakiya na soja ya bi diddigi har aka kai ga jiragen. Har yau bayan babbar guguwa mutane na cika bakin tekun nan da injinansu.

Amma kar ka fara lissafin mota tukuna. Tsufa daban tsada daban, wannan shi ne abin da mutane suka kasa ganewa. A 2010 wani mai injin ya gano tulu a gona kusa da Frome a Ingila da kuɗin Rumawa guda 52,503 a ciki, sun haura shekara 1,700, aka yi musu ƙima fam 320,250, raba ka gani, kowane ɗaya fam 6 ne da ɗan wani abu. Ga kuma sulen zinaren Amurka mai dala 20 na 1933 wanda bai ma cika shekara 100 ba, an sayar da shi dala miliyan 18.9 a 2021, saboda an narkar da kusan duk 'yan'uwansa kuma shi kaɗai doka ta yarda mutum ya mallaka. Ƙarancin abu da lafiyar jikinsa da sanin inda ya fito su ke sa kuɗi. Don haka ka rubuta ranar da ka same shi da daidai wurin, ka ɗauki hoton fuska biyu kusa da rula, ka kai gidan adana kayan tarihi su duba kafin ka nuna wa kowane dillali. Kuma ka karanta amsar tambaya ta uku.

TAMBAYA: Malam ni injina lafiya lau yake aiki a busasshen rairayi amma ina taka wurin da ruwa ya jiƙa sai ya haukace ya yi ta ƙara ba dalili, ko dai an sayar min da lalatacce ne?

AMSA: Lafiyarsa ƙalau, gishiri ne. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, to injin mai mita ɗaya, wato mai aika sigina iri ɗaya tak cikin ƙasa, sai ya ɗauka duk jiƙaƙƙen rairayin nan wani ƙaton ƙarfe ne shimfiɗe, in kuma akwai baƙin yashi mai ƙarfe a ciki abin ya ƙara dagulewa. Ka rage ƙarfin jinsa, in yana da saitin bakin teku ka sa shi, ka riƙa lilo da faifan a hankali dab da ƙasa ba kana ɗaga shi sama a ƙarshen kowane lilo kamar mai shara ba. In har abin ya shiga ranka to sai mai aiki da mita da yawa lokaci guda irin su Minelab Equinox ko Nokta Legend, ko kuma irin wanda ake kira PI mai aika bugun lantarki cikin ƙasa, shi gishiri bai dame shi ba kuma yana jin nesa, sai dai bai iya bambance ƙusa da zobe ba, komai sai ka tona, bayanka zai gaya maka.

Amma gaskiya injin ba shi ne rabin aikin ba ma, sanin inda za ka tsaya ne. Yawancin injina ba sa jin sule da ya wuce zurfin santimita 25 zuwa 30, shi kuwa abu mai nauyi nitsewa yake ta yi cikin rairayi duk lokacin da igiyar ruwa ta motsa shi har sai ya tarar da ƙasa mai tauri, laka ko tsakuwa, ya zauna a nan, wani lokaci da rairayi sama da mita a kansa. Kai ba za ka kai gare shi ba sai teku ta yi maka aikin. Shi ya sa ɗan'uwanmu na sama ya yi wata uku a banza sai da aka yi iska. Ka fita bayan hadari lokacin da ruwa ya ja baya sosai, ka nemi inda igiya ta yanke rairayi ya zama kamar gaɓar rafi, ko inda duwatsu da laka suka bayyana. In ƙafarka na lumewa cikin taushi kana ciro alminiyam ka bar wurin, in ka fara ciro dalmar masunta da tsofaffin kwabbai kore to tsaya nan ka zagaye wurin taku-taku, teku tana tara abubuwa masu nauyi ɗaya a layi ɗaya ne. Sai dai ka sa ido kan cikowar ruwa kar ya zagayo ta bayanka, kuma in ka tono wani ƙarfe mai tsatsa mai siffar kwalba ko bututu a gabar da aka taɓa yaƙi, irin na Faransa da Beljiyam da Ingila, kar ka ƙwanƙwasa shi, matsa ka kira 'yan sanda, har yau ana samun bama-baman yaƙin duniya da ba su tashi ba.

TAMBAYA: Abin da na tona da hannuna a wurin da ba na kowa ba ai nawa ne ko? Me ya kawo hukuma ciki?

AMSA: Ɗan'uwa bakin teku da kake gani kamar ba mai shi, yana da mai shi, ko gwamnati ko ƙaramar hukuma ko wani mutum, kuma kowace ƙasa da dokarta, wata ma fita da injin ba izini laifi ne tun kafin ka samu komai. A Amurka an hana shi a gandayen gwamnatin tarayya da ake kira National Parks. A Ingila dokar 1996 ta ce in ka samu sulallan zinare ko azurfa biyu ko fiye a wuri ɗaya da suka haura shekara 300, ko na tagulla 10, kana da kwana 14 ka kai rahoto, in gidan tarihi yana so a yi ƙima a biya, yawanci a raba tsakaninka da mai ƙasar. In kuma daga jirgin da ya nitse abin ya fito wannan wani ofishi ne daban, kwana 28. Wasu mutum biyu da suka samu dukiyar zamanin Vikings, mayaƙan teku na arewacin Turai na da, a yankin Herefordshire na Ingila a 2015 suka ɓoye suna sayarwa a ɓoye, a 2019 kotu ta ɗaure ɗaya shekara 10 ɗayan 8 da rabi, alhali da sun kai rahoto da ladansu ya ishe su. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba, Odyssey ya kwaso sulalla sama da 500,000 daga ƙarƙashin teku a 2007, aka yi ta shari'a, a 2012 aka loda su tan 17 a jirgin sama aka mayar wa Sifaniya don jirginta ne da ya nitse a 1804. To ka tambayi dokar inda kake tun kafin ka kunna injin. Zobe ko waya ko sarƙar zamani kuwa wannan tsintuwa ce mai ita yana raye yana nema, sai cigiya.

TAMBAYA: Malam mijina ya samo wani babban sulen azurfa da hoton wata mata mai jiki, an rubuta 1780, shekararsa 240 da wani abu kenan ko?

AMSA: Ba lallai ba Hajiya. Wannan Mariya Tereza ce sarauniyar Ostiriya, a 1780 ta rasu, amma 'yan kasuwa a ƙasashen Larabawa da Afirka sun yarda da sulen sosai har ba sa karɓar wanda aka canja wa komai, sai aka ci gaba da buga shi da 1780 ɗin nan ba canji, a Biyana da Landan da Paris da Rum da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yanzu Ostiriya tana buga shi. Naku zai iya zama na ƙarni na 19 zai iya zama sa'an mijin naki. Azurfa ce dai ta gaske in ba jabu ba ne, ku auna, giram 28 ya kamata ya yi, kuma akwai rubutu zagaye da kaurin gefensa, ku turo min hoton gefen da na bayan inda mikiya mai kai biyu take.