Haɗin salad na mai da khal: a zuba a kwalba ko a dakata tukuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da salad a Kaduna, ina kai wa ma'aikata ofis da rana. Masu gudun Bama da salad kirim suna yaba haɗin mai da khal da nake zuba musu, har wasu na cewa in riƙa sayar musu a kwalba. Jarina bai taka kara ya karya ba. In shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a nema. Ki shiga, amma kada ki fara da kwalba.

Wannan haɗin da Faransawa ke kira vinaigrette, ma'auninsa da aka sani shi ne mai kashi 3, khal kashi 1, sai gishiri, masoro da ɗan mastad. Wato a lita ɗaya, mililita 750 mai ne zalla. Ashe mai za ki riƙa sayarwa, kuma duk ranar da ya tashi a kasuwa ribarki ce za ta fara jin jiki. Don haka ki zauna da biro ki haɗa kuɗin mai, khal, kayan ƙamshi, roba da murfi, kuɗin mai kai saƙo, har da ladan wahalarki. Mata da yawa suna manta wannan na ƙarshen, sai a wayi gari ana ta ciniki amma aljihu wayam.

Yanzu ki duba bambancin. Lita ɗaya kwalba 4 ce kacal in ta mililita 250 ce. Amma kwanon salad ɗaya cokali biyu na cin abinci ya ishe shi, kusan mililita 30, kin ga litar nan za ta ba ki ƙananan robobi sama da 30. A ƙaramar roba riba take, domin mai saye ba ya jin ciwon ƙara ɗan kuɗi a kan salad ɗinsa, amma zai tsaya taya kwalba.

Batun mai kuma, man zaitun na gaske yana da tsada, jabunsa ma ba ya wuyar samu. Ki yi kala biyu: na man zaitun ga masu hali, na man waken suya ga sauran. Man gyaɗa ƙamshinsa na danne komai, ya fi dacewa da kwaɗon zogale. Kuma ki faɗi gaskiyar man da kika sa. Ranar da aka gano gauraye, kasuwar ta mutu.

Abin da ya sa na ce ki dakata da kwalba shi ne ajiya. Mai da khal ba sa zama tare, mastad yana riƙe su ne na ɗan lokaci, daga baya man ya taso sama. Man zaitun kuma yana daskarewa a firij, wanda bai sani ba sai ya ce kin sayar masa da lalatacce. Mafi haɗari, in kina sa ɗanyar tafarnuwa a haɗin, wadda ta kwana cikin mai ba tare da an sa a firij ba tana iya haifar da guba mai kisa, ga halin wutar lantarkinmu kin sani. Ki haɗa na kwana biyu zuwa uku, ki sa a firij, ki rubuta ranar haɗawa da "a girgiza kafin a zuba" a jikin robar.

Waɗanda suka ce suna son kwalba, ki gwada su: su biya kafin ki haɗa. Yabo daban, zaro kuɗi daban. In oda ta ɗore wata biyu ko uku, sai ki yi rajistar sunan kasuwanci a CAC ki nemi lambar NAFDAC, domin kantin kirki ba zai ɗora kayan abinci a kanta ba tare da ita ba. Lokacin da ya fi dacewa da gwajin shi ne hunturu, sa'ad da latas da tumatir ke araha, ko kuma watan azumi da ake neman salad na buɗa-baki.