Ba As biyun nan ne suka cinye maka jari ba

Yarona, na ga saƙonka tun daren jiya, na bari sai da na yi barci na tashi, don tambayar taka ba ta amsawa a tsaye ba ce. Ka ce cikin mako uku a ƙaramin teburin poka, wasan karta na caca, na fam 1 da fam 2 ka yi asarar fam 1,000, kuɗin zama biyar ke nan, wato kuɗin da kake shiga tebur da shi sau biyar. Wani dare ka tura duk abin da ke gabanka da As biyu, kartar da ta fi kowacce girma, wani ya bi ka da Sarki biyu, sai Sarki na uku ya faɗo a karta ta ƙarshe. Wani daren kuma kana gaba bayan an buɗe ukun farko daga cikin karta biyar na tsakiya, mai neman cikon karta biyar masu alamar zuciya ya samu cikonsa. Shi ne kake tambaya: rashin sa'a ce ta kama ka, ko kuwa ka koma babban tebur inda mutane suka iya wasa, ba sa bin mutum da tarkace?

Na san zafin abin. Shekara 11 ina raba karta a Landan, na ga fuskar mutum a daidai lokacin da kartar nan ta ƙarshe ke kifewa a kansa sau ba adadi. Amma zo mu yi lissafi.

A Texas Hold'em, salon poka da ake ba kowa karta biyu sannan a buɗe biyar a tsakiya, As biyu suna zuwa hannunka sau ɗaya cikin rabo 221. In suka haɗu da Sarki biyu aka zuba komai tun kafin a buɗe tsakiya, As suna ci wajen sau 82 cikin 100. Sauran 18 ɗin fa? Na mai Sarki ne, halak malak. Kusan sau ɗaya cikin biyar ke nan. Shi kuma mai zuciya huɗu bayan ukun farko, saura masa karta 9 da za su cika masa, ga karta biyu da ba a buɗe ba, zai samu wajen sau 35 cikin 100. Ba hannu aka sa maka ba, ba baki ba ne. Da a ce waɗannan mutane ba sa ci lokaci-lokaci, da tuni sun daina zuwa, da kai ma ba ka sami wanda za ka zauna da shi ba. A hannayen nan biyu ka yi daidai, in sun dawo gobe ka sake yin yadda ka yi.

Sannan mako uku ba komai ba ne. Mai raba karta da hannu, in yana da sauri, yakan raba hannu 30 a awa. In kana zama awa huɗu sau uku a mako, duk abin da ka buga bai fi hannu 1,000 da 'yan kai ba. Masu bugawa a intanet suna haɗa wannan a yini guda. Ba a auna gwaninta da irin wannan ɗan mudu.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya. Hannaye biyun da ka ba ni labari fam 400 suka ci. Ina sauran 600? Ba ka ambace su ba, kuma na san dalili: ba ka tuna su. Sun zurare ne fam 8 nan, fam 15 can, kamar buhun gero mai ƙaramar huda. Mutum yana riƙe labarin ranar da aka zalunce shi, ya manta da ranakun da ya zalunci kansa.

Akwai wani dattijo da yakan zauna a teburina, kujera ta huɗu daga hagu, mai haƙuri, yana iya awa guda bai shiga hannu ba. Wani dare aka karya masa As biyu. Bai ce uffan ba. Amma na ga yatsunsa sun fara murza kwabban robar da sauri, kunnuwansa sun yi ja. Hannu na gaba ya shiga da 7 da 4. Na bayansa ya ƙara kuɗi ba shi da komai, don kawai wanda ya cinye shi yana ciki. Kafin a canza ni a teburin ya tashi sau biyu ya je na'urar cire kuɗi. Kartar ta ci masa kuɗin zama ɗaya, fushi ya ci masa biyu. Wannan neman ramuwar shi ne babbar cutar wasan, kuma ba ka jin shigarsa. Saboda haka ka yanka wa kanka doka tun kana gida, hankalinka kwance: in kuɗin zama biyu suka tafi, ka tashi. In an karya maka babban hannu, ka miƙe ka fita waje minti goma, ka sha ruwa, ka wanke fuska. In ka dawo ka tarar idonka na neman wanda ya cinye ka, ɗauki rigarka ka kama hanya.

Maganar komawa babban tebur kuwa, cire ta a ranka. Mutanen da kake kuka da su, masu bin ka da tarkace, su ne kasuwarka. Wanda bai iya cin riba a kansu ba, in ya je gun waɗanda suka ƙware, fiɗe shi za su yi.

Abin da za ka gyara a ƙaramin tebur ba shi da yawa, sai dai yana son juriya. A tebur mai mutum tara, zubar da wajen hannu huɗu cikin biyar tun kafin a buɗe tsakiya, musamman in kai ne za ka fara magana. Wanda ke magana a ƙarshe ya ga abin da kowa ya yi, nan ne za ka ɗan saki hannu. Rage burga. Ba a yi wa wanda ba ya zubar da karta burga, zai bi ka don kawai ya gani. In kana da hannu mai kyau, sa kuɗi sosai, kar ka yi lamɓo kana jiran su faɗa tarko, da kansu za su biya. In kuma mutumin da ya yini yana bi shiru ya ɗago ya ƙara maka kuɗi a karta ta ƙarshe, yarda da shi, yana da abin.

Ka koyi auna farashi. Ga fam 40 a tsakiya, saura karta ɗaya, kai ne mai zuciya huɗu. Kartar da ba ka gani ba 46 ce, 9 naka ne, kusan ɗaya cikin biyar. In abokin wasa ya sa fam 40, za ka biya 40 don ka ci 80, kana bukatar ci ɗaya cikin uku kafin ka mayar da uwa. Ya yi tsada, zubar. In fam 10 ya sa, 10 za ka biya don 50, ɗaya cikin shida ya ishe ka, sai ka bi.

Kar ka manta da la'ada. A gidajen da na yi aiki ana cire kashi 5 zuwa 10 cikin 100 daga kuɗin tsakiya, zuwa wata iyaka, kuma ƙananan tebura ta fi ciza. Da hannuna nake cire ta, shi ya sa nake faɗa maka ba kwana-kwana: yawancin masu zama asara suke tafiya da ita. Hukuncin caca a addini ka san shi, na faɗa maka tun ranar farko, kuma ranar da ka ce ka bari ni ne zan fara yi maka murna. Muddin kana ciki, kuɗin haya, na abinci da wanda kake aika wa gida ba sa kusantar tebur, bashi kuma ko na kwabo. In abin da ka ware bai kai kuɗin zama 20 ba, teburin ya fi ƙarfinka, sauka ƙasa ko ka koma wasan da ba kuɗi. Stu Ungar, shahararren ɗan poka, ya ci babbar gasar poka ta duniya ta Las Vegas a 1980, 1981 da 1997, da wuya a sami wanda ya kai shi karanta mutum, amma a 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a garin, kusan ba abin da ya rage masa.

Sayi ƙaramin littafi. Kowane zama ka rubuta awa nawa, nawa ka shiga da shi, nawa ka fita da shi, da hannu uku da suka ba ka wahalar yanke shawara, ko ka ci su ko ba ka ci ba. Kar ka rubuta min waɗanda aka karya maka As, waɗannan na riga na san amsarsu. Ranar Lahadi bayan la'asar ka zo da littafin, mu bi fam 600 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya.