Boston Bruins ta kafa tarihin maki, me ya hana ta kofi?

Tambaya: Ni ma'abocin ƙwallon ƙafa ne, kwanan nan na fara kallon ƙwallon gora ta kan ƙanƙara. An ce a kakar 2022/23 Boston Bruins ta tara makin da ba a taɓa tarawa ba a gasar NHL, amma ba ita ta zama zakara ba. Ta yaya hakan ke faruwa?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da aka faɗa maka gaskiya ne. A Firimiyar Ingila wanda ya ƙare a saman teburi shi ne zakara. A NHL, gasar da ƙungiyoyi 32 na Amurka da Kanada ke bugawa, teburi hanyar shiga zagayen kofi ce kawai. A kakar, kowace ƙungiya ta buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu. Nasara maki 2 ce, wanda aka doke bayan cikar lokaci kuma yana tsira da maki 1. Boston ta ci 65, ta tashi da maki 135, ta goge tarihin maki 132 da Montreal ta kafa a kakar 1976/77. Ɗan wasanta David Pastrnak shi kaɗai ya zura 61 a raga. Ladan wannan duka shi ne Presidents' Trophy, lambar da ake ba ƙungiyar da ta zo ta ɗaya a teburi.

Kofin Stanley kuwa, wanda shi ne kofin zakaran NHL, sai an sake sabon lale. Ƙungiyoyi 16 ke shiga, zagaye huɗu, kuma a kowane zagaye wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke wucewa. Makin baya ba ya bin ka, sai dai ya ba ka damar yawan wasa a gida.

Boston ta haɗu da Florida Panthers, wadda ta shigo da ƙyar da maki 92. Tazarar maki 43 ta ruɗi mutane da yawa, domin wannan Floridar ce ta zo ta ɗaya a teburi a kakar da ta gabata. Boston ta ci uku cikin huɗun farko, saura ɗaya tak, sai al'amura suka juya. A wasa na biyar golanta Linus Ullmark ya yi sakaci da faifan da ke madadin ƙwallo a bayan raga cikin ƙarin lokaci, Matthew Tkachuk na Florida ya ci. Na shida ta sha kashi 7-5. A na bakwai, ranar 30 ga Afrilu 2023, tana gaba da 3-2 a gidanta, saura kamar minti ɗaya Brandon Montour ya farke, sannan Carter Verhaeghe ya kammala aikin a ƙarin lokaci.

A ganina babban kuskuren yana wajen tsaron raga. Duk tsawon kakar koci Jim Montgomery yana karɓa-karɓa tsakanin Ullmark da Jeremy Swayman, kuma tsarin ya yi masa rana. Da aka shiga zagayen kofi sai ya fara wasa shida a jere da Ullmark, bai ba Swayman damar farawa ba sai a na bakwai, lokacin da babu sauran gyara. Ga kyaftin Patrice Bergeron da ciwon baya ya hana shi wasa huɗun farko. A ɗaya ɓangaren kuma Sergei Bobrovsky ya karɓi ragar Florida, ya tare hare-hare masu yawa a lokacin da aka fi bukata. A ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, gola guda mai zafi na mako biyu yana iya rusa aikin wata shida.

Ban yarda da masu cewa kakar Boston ta tashi a banza ba. Wasa 82 ya fi wasa bakwai nuna ingancin ƙungiya. Kuma ba ita kaɗai hakan ya sama ba: Tampa Bay ta ci 62 a kakar 2018/19, Columbus ta fitar da ita huɗu ba ko ɗaya. Daga 1986 zuwa 2025, sau 8 kawai ta ɗaya a teburi ta ɗaga Kofin Stanley, na ƙarshe Chicago a 2013. Florida ta kai zagayen ƙarshe a 2023, Vegas Golden Knights ta doke ta cikin wasa biyar.