Amsoshin tambayoyinku: doya, gishiri da madubin da ba ya nuna komai

Wata uwa daga Agege ta rubuto hankalinta a tashe. An ba 'yarta da ke ƙaramar sakandare aikin gida kan difiyushan da osimosis, ita ba ta yi nisa a boko ba, kuɗin hannunta kuma a ƙidaye suke. Me za ta saya?

Kwantar da hankalinki, 'yar uwa. Sayayyarki ba ta wuce doya ɗaya ba, sauran kayan suna kicin ɗinki. Difiyushan yaɗuwa ce: abu ya taso daga inda ya yi yawa ya bazu zuwa inda yake kaɗan. Jefa zoɓo ƙwaya biyu a kofin gilashi mai ruwa, kada ki motsa, ku zuba ido ja ya game kofin. Ta wannan hanya iskar oksijin ke ratsawa daga huhu zuwa jini. A osimosis kuwa ruwa ne ke tafiya, yana ratsa tantanin ƙwayar halitta daga ɓangaren da ya tsinke zuwa inda gishiri ko sukari ya fi kauri. Feraye ɗanyar doya, yanki guntu ki rarake shi kamar ɗan kofi, zuba ruwan sukari mai kauri zuwa rabi, soka tsinke daidai bakin ruwan, ki zaunar da shi a faranti mai ruwa zalla. Bayan 'yan awoyi ruwan ramin zai haura tsinken. Ki yi wani da dafaffiyar doya a gefe: wannan ba zai hau ba, domin zafi ya lalata tantanin, kuma bambancin nan shi malami ke so ta bayyana. Idan doya na sa hannunta ƙaiƙayi, dankalin Turawa zai yi. Wuƙar dai ta zauna a hannunki.

Wani uba daga Idi-Araba ya ga madubin likita na yara a intanet, an rubuta a kwalin cewa yana girmama abu sau 1,200. Yana so ya saya wa ɗansa don ya ga osimosis da idonsa.

Alhaji, niyyarka mai kyau ce, amma ka riƙe kuɗinka. Wannan kaya ya daɗe yana ƙona min rai. Madubin gaske na ɗakin gwaji, mai ruwan tabarau na gilashi, iyakar amfaninsa wajen sau 1,000 ne, shi ma sai an ɗiga wani mai na musamman a kan gilashin. To ta yaya abin roba mai nauyin kwalin ashana zai wuce shi? Lambar dai an buga ta ne don idon mai saye. Yaro zai leƙa ya ga hazo, ya juya ya juya, ya gaji, daga nan ya ɗauka shi ne ba shi da kai. Wannan asarar ta fi ta kuɗin ciwo. Kuma ka sani, babu madubin haske da zai nuna ƙwayoyin ruwa suna ratsa tantani. Abin da ake gani sakamakon ne kawai. A ɓare siririn bayan jar albasa, irin ta Aliero da ke cika kasuwar Mile 12, a ɗiga mata ruwan gishiri, sai a ga launin cikin kowace ƙwaya ya tsuke ya janye daga bangonta. A mayar da ruwa zalla, ya sake cika. Sau 100 ya isa a ga wannan sarai. Madubin makaranta na yau da kullum yana ba da 40 da 100 da 400, kuma ya wadatar har ƙarshen sakandare.

Idan lallai sai ka saya, ka je shagon kayan ɗakin gwaji da ƙafarka, da albasa a aljihu. Ka ɗaga shi ka ji nauyin ƙarfe, ka murɗa abin saiti ka ga ko hoton na tsayawa, ka ga ƙwayoyin albasar a jere kamar bulo kafin ka ciro ko sisi. Mai shagon da ya hana ka gwadawa, ka yi masa sallama. Kada ka tura kuɗi kan hoto, kada kuma ka saya ta tagar mota a goslo. Kafin duk wannan ma, ka tambayi makarantar yaron ko suna da shi. Kana biyan kuɗin makaranta, haƙƙinsa ne ya leƙa.

Wani ɗalibi daga Obalende yana tambaya ina ake sayar da haɗaɗɗen aikin, ya kai wa malami kawai. Ɗana, gwajin da bai fi ƙarfin doya da cokalin sukari ba shi za ka saya? Ranar jarrabawa wa zai rarake maka doyar? Tashi ka yi.

Sai wata matar aure daga Alaba Rago, wadda jaririnta ke gudawa. Ta sayi ORS, wato garin gishiri da sukari na leda da ake jiƙa wa mai gudawa, maƙwabciya ta ce ta ƙara gishiri don ya fi saurin aiki.

Allah Ya ba shi lafiya, 'yata, amma kada ki ƙara ko ƙwaya. Darasin doyar nan ne a cikin hanji: ruwan da gishirinsa ya yi yawa janyo ruwan jiki yake yi zuwa hanji, gudawar ta ƙaru, yaro ya ƙara bushewa. Mazauna Legas ba su manta 2014 ba, lokacin Ibola, da jita-jitar shan ruwan gishiri ta kwantar da mutane a asibiti. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin ledar, ki auna ruwa daidai yadda aka rubuta. Idan ta lita ɗaya ce, fiya wata biyu masu 50cl ke nan. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo, ki ci gaba da ba shi nono. Idan idonsa ya faɗa, ko ya ƙi sha, ko kika ga jini a bayan gidansa, ki ɗauke shi zuwa asibiti a daren, kada ki jira gari ya waye.