Shin ruwan inabin biki yana ƙara daraja idan ya daɗe a ajiye?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce a Kano, kuma nan da wata tara za mu aurar da 'yata ta fari idan Allah ya kai mu. Ganin yadda kaya ke tashi kullum, na fara sayen kayan biki tun yanzu. Wani ɗan sari ya yi mini tayin katan 30 na ruwan inabin kwalba, irin mai gas ɗin nan da ake jerawa a teburin amarya da ango, a kan kusan rabin kuɗinsa. Da na duba kwalbar sai na ga saura wata biyu wa'adinta ya cika, amma ya ce kada in damu, wai irin wannan kaya tsufa ne darajarsa, Turawa ma ajiye shi suke yi shekara ashirin a ƙarƙashin ƙasa. Na riga na ba da kafin alƙalami, kuma wurin da zan ajiye kayan wani shago ne mai rufin kwano a bayan gidanmu. Abin da ya hana ni barci shi ne wata maƙwabciyata ta ce idan ya daɗe giya yake komawa. Ina tsoron in shayar da jama'a haram, ko abin da zai cutar da su, a ranar farin cikin 'yata. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a wannan aure, ya nuna mana lokacin lafiya. Shawarata ita ce kada ki ɗauki kayan nan, ki koma ki nemi kuɗinki ko a musanya miki da wani abin da ba ya lalacewa, domin kwalbar da wa'adinta zai cika nan da wata biyu za ta kai ranar bikin ne bayan ta yi wata bakwai da ƙarewa, kuma a cikin shagon kwano za ta ci zafin bazara gaba ɗayansa. Banza ba ta kai zomo kasuwa: ɗan sarin bai karya farashi don yana ƙaunarki ba, ya karya ne don ya san nan da kwana sittin babu mai kantin da zai karɓi kayan daga hannunsa.

Maganar da ya gaya miki kuwa, kusan kowane mako sai na ji ta, daga bakin 'yan sari da masu shirya biki har ma da waɗanda suka yi boko mai zurfi, kuma ta ishe ni. Asalin ruɗun shi ne sunan Turanci guda ɗaya, wato "wine", da ake kiran abubuwa uku mabambanta da shi, don kawai kwalbarsu iri ɗaya ce, mai dogon wuya da takardar gwal a baki. Na farko shi ne giyar inabi ta ainihi, wadda yis ya cinye sukarinta ya mayar da shi barasa, galibi kashi 12 zuwa 15 cikin 100. Na biyu giya ce da aka gama haɗa ta sannan aka cire mata barasar da na'ura. Na uku ruwan inabi ne da bai taɓa zama giya ba, an dafa shi sama-sama don kashe ƙwayoyin cuta, an ɗura masa gas, an toshe. Mafi yawan abin da ake sha a bukukuwanmu na uku ne, kuma labarin ajiyar shekara ashirin na na farko ne kaɗai.

Ko a cikin giyar ta ainihi ma, 'yar kaɗan ce ke amfana da ajiya. Abin da ke riƙe jar giyar yankin Bordo na Faransa ta yi shekaru ba ta mutu ba abu uku ne: barasar da ke hana ƙwayoyin cuta sakewa, da tsami, da kuma tanin, wato sinadarin nan mai bauri da ke fitowa daga ɓawo da ƙwallon inabi da kuma gangar katakon da aka tsima ta a ciki, irin baurin da kike ji a goro ko a shayin da ya daɗe a kan wuta. A hankali baurin ke laushi cikin shekaru, shi ne abin da masu shanta ke biyan kuɗi a kai. Kuma ba a kowane ɗaki hakan ke faruwa ba. Ɗakin ajiyarsu na ƙarƙashin ƙasa ne, mai duhu da danshi, sanyinsa yana tsayawa a wajen digiri 12 ko 13 rani da damina, kwalaben kuma a kwance don kada toshiyar ta bushe iska ta shiga. Duk da haka, mafi yawan giyar da ake sayarwa a kantunan Faransa da Italiya da Sifaniya an yi ta ne don a shanye cikin shekara biyu ko uku. To, ruwan inabin da ke cikin katan ɗinki ba shi da barasa, ba shi da baurin kirki, cike yake da sukari, kuma za a ajiye shi a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano. Me zai gyaru a cikinsa? Babu. Tun ranar da aka ɗura shi yake raguwa.

Masu nazarin abinci suna da wani ma'auni na kusan-kusan, cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin lalacewar irin waɗannan kaya kamar sau biyu. Wa'adin da kamfani ya buga ya ɗora shi ne a kan ajiya a wuri mai sanyi da inuwa, saboda haka wata ɗaya a shagonki yana iya cin abin da wata uku ko huɗu za su ci a ɗakin da ya dace. Farin zai rine ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, jan zai dushe, ƙamshin inabi zai tafi ya bar ɗanɗanon dafaffen sukari, gas ɗin kuma zai sulale ta gefen toshiya. Giya guda ɗaya da na sani wadda da gangan ake gasa ta da zafi ita ce ta tsibirin Madera na ƙasar Fotugal, kuma da sunanta Turawa ke kiran aibin duk wata giyar da zafi ya ɓata. Wato abin da ɗan sarinki ke kira daraja, su masu abin aibi suke kiransa.

Akwai hujjar da ta fi duk wannan sauƙi, kuma tana jikin kwalbar. Shekarar da ake bugawa a kan giyar ajiya shekarar girbin inabin ce, kuma dokar Tarayyar Turai ba ta tilasta a sa mata ranar ƙarewa ba. Amma da Tarayyar ta yi doka a 2021 a kan giyar da aka cire wa barasa, sai ta wajabta a rubuta mata wa'adi, domin an ɗauke abin da ke kare ta. Idan Turawan da ake kafa hujja da su sun ce wannan kaya yana da ranar mutuwa, ban ga dalilin da mai shago zai soke ta da fatar baki ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wannan ƙaryar ce ke buɗe ƙofa ga wadda ta fi ta muni, wato goge tsohon kwanan wata da sinadari a buga sabo, domin mai sayen da aka riga aka koya masa cewa kwanan wata ado ne ba zai tsaya ya duba ko an taɓa shi ba. Hukumar NAFDAC tana kama masu wannan aiki lokaci zuwa lokaci, amma ba za ta shiga kowane sito ba, kuma ba ita za ta tsaya a gaban surukanki ranar walima ba.

Ita kuma maƙwabciyarki ta faɗi rabin gaskiya ne. Ruwan inabin da aka dafa yadda ya kamata aka toshe da kyau ba ya rikiɗa ya zama giya don kawai kwanan wata ya wuce, domin babu yis mai rai a ciki. Wannan dabara ce da masanin kimiyya Louis Pasteur ya fito da ita a Faransa a shekarun 1860, sannan wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya yi amfani da ita a 1869 ya adana ruwan inabi marar barasa don cocinsu. Hatsarin yana zuwa ne idan toshiya ta saki, ko kuma tun farko kayan jabu ne da aka ɗura a bayan gida ba tare da tsafta ba. A nan yis zai samu sukari da ɗumi, ya haifar da barasa da iska, kwalba ta cika ta batse har ta iya fashewa. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne: toshiya ta ɗago, wuyan kwalba ya yi danƙo, katan ya jiƙe, ruwan ya yi gurɓi ko ya tara laka a ƙasa, in an buɗe a ji warin tsami irin na kunun da ya kwana. Wanda duk ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan, a zubar, kada a ce bari a ɗanɗana.

Inda ya kamata tsoronki na haram ya fi karkata shi ne wajen saye. Ki nemi adadin barasa a jikin takardar, ana rubuta shi da alamar kashi cikin ɗari. Idan kin ga 5% ko 7% ko 12%, giya ce, komai zaƙinta da kyan hoton inabin da ke jiki, kuma akwai masu zaƙi da gas da yawa daga Italiya da suke kama da na biki ƙwarai. Idan kin ga 0.5% ko an rubuta cewa an cire barasa, to nau'i na biyu ne, asalinsa giya ce kuma ana yarda ɗan kaɗan ya rage a ciki. Hukuncinsa na malamai ne, ki tambaye su, ni aikina in gaya miki abin da ke cikin kwalbar. Wanda ba ya da wannan shubuha shi ne wanda jerin kayan haɗinsa ya fara da ruwan inabi kuma babu maganar cire barasa a ko'ina.

Wannan jerin shi ne kuma ma'aunin ko kuɗinki ya sayi abin kirki, domin ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Idan ruwa da sukari ne a gaba, sai kala da ƙamshi, inabin kuma yana can ƙarshe ko ma babu shi, to lemon kwalba kika saya da tsadar kwalbar Shamfen, giyar Faransa mai gas. Nauyin kwalba da ƙyallin takarda ba sa nuna komai. Ki duba lambar NAFDAC, ki duba sunan kamfani da adireshinsa, ki gwada kwanan watan da ke jikin kwalba da na jikin katan ki ga ko sun dace, ki shafa wurin da yatsa ki ji ko an kankare. Kafin ki sayi katan 30 na kowane iri, ki sayi kwalba ɗaya-ɗaya daga iri uku, ki sanyaya, ku ɗanɗana a gida. Sau da yawa na tsakiya a farashi ne ke cin gasar. Ki kuma tuna da baƙinki masu ciwon sukari, domin ko ruwan inabi zalla yana ɗauke da wajen giram 15 zuwa 16 na sukari a kowane mililita 100, wato kusan cokalin shayi 30 a kwalba mai mililita 750, fiye da ninki biyu na giram 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a yini. A tanadar musu ruwa da zoɓo marar sukari. Masu asma kuma wasunsu ba sa jure sinadarin salfait da ake sa wa wasu nau'o'in don adanawa, kuma ana rubuta shi a jiki.

Idan tashin farashi ne damuwarki, ki sa kuɗin yanzu a kayan ɗaki da kwanuka da atamfofi, ki bar abin sha sai saura mako uku ko huɗu, ki zaɓi wanda ya rage masa aƙalla wata shida. Ki ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi a cikin gida, nesa da taga da kicin da janareta, a kan katako ba a kan siminti ba, kuma a tsaye, domin kwantar da kwalba al'adar giyar ajiya ce. Ranar biki a sanyaya shi sosai kafin a buɗe, kada a sa shi a firiza ya daskare, kuma ki hana samari girgiza shi suna harba toshiya don a ɗauki hoto. Kwalba mai ɗumi da aka girgiza tana cilla toshiya da ƙarfin da ke iya fasa ido, don haka mai buɗewa ya karkatar da bakinta daga fuskokin mutane, ya dafe toshiyar da tawul, ya riƙa murɗa kwalbar a hankali har iskar ta fita. Abin da aka buɗe aka rage kuma a sa a firji a shanye cikin kwana biyu ko uku.